Zauren Masu Karatun Jarida na Katsina: Baba ya maƙale a lamba 14

Baba Mai Fansho, Ƙofar Sauri: Assalamu alaikum jama'ar zaure, an tashi lafiya? Yau da ƙoƙon bara na zo. Tun da na ajiye aiki na tsiri wata ɗabi'a: in an idar da asuba na sha koko, sai in jira yaron da ke kawo mini jarida, in wuce kai tsaye shafin wasan nan na cike gurbin kalmomi, wanda Turawa ke kira crossword. Na yau ya gagare ni. Saura gurbi ɗaya tak, lamba 14 a kwance. Sun rubuta "African flower", harafi biyar. Kalmomin tsaye sun ba ni I a gida na biyu da E a gida na huɗu. Tun hantsi nake lissafa furanni, har na sa jikata ta ɗauko mini littafin kimiyyarta na sakandare. Babu furen da ya shiga. Wa zai agaza?

Mai Kemis, Ƙofar Ƙaura: Wa alaikumus salam Baba. Ni wannan shafin da shi nake naɗe magani, sai dai mu jira masana.

Ɗalibin Jami'a: Baba na gano ta! Amsar ita ce

Malamar Turanci: Dakata ɗana, kada ka rubuta. Baba, amsa kake so a miƙa maka, ko a haska maka hanya ka ƙarasa da ƙafarka?

Baba Mai Fansho: Haska mini, Malama. In amsa ce kawai, gobe ma jaridar za ta kawo ta.

Malamar Turanci: To ka manta da fure gaba ɗaya. Ɗauki kalmar ka yanka ta biyu: flow, wato gudana, sai er a ƙarshe, wanda a Turanci ke nuna mai aikata abu. Me ya fito ke nan? Mai gudana. Mene ne ke gudana a Afirka, sunansa harafi biyar?

Baba Mai Fansho: La haula! NIGER. Kogin da na haye ta gadar Jebba sau ba adadi lokacin ina aiki, shi ne ya hana ni karin kumallo cikin natsuwa. Wannan ai zalunci ne.

Malamar Turanci: Ba zalunci ba ne Baba, sana'arsu ke nan. Kuma ka rubuta wannan a gefe, don zai sake dawowa: duk inda ka ga flower fure ya ƙi shiga, gwada kogi. Haka ma banker, ba lallai ma'aikacin banki ba ne, kogi ne mai gaɓa biyu, don bank a Turanci na nufin gaɓar kogi ma. Da a ce haruffanka sun bambanta, da CONGO ma ta shiga gidan nan.

Abin da na lura yana rikita mutanenmu shi ne ba su san wasan iri biyu ne ba. Akwai mai sauƙi, wanda ake ba ka ma'ana ka kawo kalma, kamar a ce babban birnin Ghana, harafi biyar, ka rubuta ACCRA ka wuce. Akwai kuma na Ingila da suke kira cryptic, wanda kowace tambaya zaurance ce. A irin wannan yawanci tambayar kashi biyu ce: ma'anar kalmar tana farko ko ƙarshe, ragowar kuma dabarar haɗa haruffa ce. In ka ga kalmomi irin su mixed, broken ko confused, to ana nufin ka hautsina haruffan wata kalma da ke kusa, kamar yadda listen ke komawa silent. Wani lokaci kuma amsar tana kwance a cikin tambayar, ido ne kawai bai gan ta ba. Akwai wata tsohuwa da nake ba ɗalibaina: babban birni da ke cikin Czechoslovakia, harafi huɗu. Su yi ta neman taswira, alhali in ka duba tsakiyar kalmar za ka ga OSLO zaune.

Mai Kemis: Kai! Na ƙirga haruffan, wallahi tana ciki. Malama kin fara sa ni nadamar shafukan da na naɗe fanadol da su.

Uwar Biyu, Ƙofar Marusa: Sannunku. Ni tambayata ta 'yan koyo ce. Maigidana ke sayen jaridar, ni kuma in ɗauka da rana in yara sun tafi Islamiyya. Ina farawa daga lamba 1, in ta ƙi sai raina ya ɓaci in ajiye. Ta ina ake kama bakin zaren?

Baba Mai Fansho: 'Yata, kuskurenki shi ne biyayya ga lamba 1. Ba layin asibiti ba ne da sai an bi bi-da-bi. Ki karanta tambayoyin duka sau ɗaya, ki cike waɗanda kika sani ba tantama, musamman gajerun nan masu harafi uku da huɗu. Kowace kika samu za ta bar miki harafi a hanyar wata. Sannan ki yi da fensir. Na shekara ina yi da biro don girman kai, shafin ya koma kamar allon da aka wanke da tawada.

Malamar Turanci: In ƙara a kan na Baba. Amsa tana bin siffar tambaya. In tambayar jam'i ce, amsar ma jam'i ce, don haka sau da yawa za ki iya sa S a gidan ƙarshe da fensir tun kafin ki san kalmar. In aikin da ya wuce ne, ki yi zaton ED. In an taƙaita wata kalma a tambayar, amsar ma taƙaitacciya ce. Lambobin da ke ƙarshe kuma kada ki raina su: (4,3) na nufin kalma biyu, ta farko harafi huɗu, ta biyu uku. Ki haddace lambobin Rumawa, L hamsin, C ɗari, D ɗari biyar, M dubu, suna son su ƙwarai.

Akwai kuma wasu kalmomi da ba ka jin su a bakin kowa sai a wannan wasa, saboda wasulansu na taimaka wa mai tsarawa. Tsuntsun Ostareliya, EMU. Tunkiya, EWE. Wata algaitar Turawa, OBOE. Ƙasashen Afirka kuwa kyauta ce a gare mu: MALI, CHAD, TOGO, duk harafi huɗu.

Ɗan Daura: Salamu alaikum, na zo a makare, muna wajen ɗaurin aure. Ku Katsinawa kun cika son wahalar da kai. Amma dai tunda an taɓo abin da nake so, bari in sa baki. Wasan nan ya haura shekara ɗari. Wani ɗan jarida haifaffen Libaful mai suna Arthur Wynne ne ya fara buga shi a jaridar New York World ranar 21 ga Disamba 1913, kuma nasa ba murabba'i ba ne, siffar lu'ulu'u gare shi. Jaridar The Times ta Landan ba ta karɓe shi ba sai 1930, ita kuwa New York Times ta daɗe tana yi masa kallon shiririta, sai a 1942 ta sallama. Abin da zai amfani Uwar Biyu a nan: na New York Times ranar Litinin ya fi sauƙi, yana ƙara tauri kullum har Asabar, na Lahadi kuma shi ne mafi girma. In za ki gwada shi, fara da Litinin. Kuma tsarin Amurka ya fi tausayin ɗan koyo, don kowane gida kalma biyu ke ratsa shi, ta kwance da ta tsaye. A na Ingila kusan rabin gidajen ba mai taimaka maka, kai da halinka.

Ki dai kula da rubutu. Ba'amurke color yake rubutawa, mu kuma a makaranta colour aka koya mana. Harafi ɗayan nan ya isa ya ɓata miki kusurwa guda.

Uwar Biyu: Na gode Yaya. To wane ƙamus zan saya?

Malamar Turanci: In kina da Oxford Advanced Learner's na 'yan makaranta a gida, ya ishe ki farawa. Abin da ya fi ƙamus amfani a wannan wasa shi ne littafin kalmomi masu ma'ana ɗaya, irin Roget's Thesaurus, wanda tun 1852 ake buga shi. Masu yin cryptic na gaske Chambers suke riƙewa, don ya tara tsofaffin kalmomi da baƙi, amma ban ba ki shawarar kashe kuɗi a kansa yanzu ba. Duba wajen masu sayar da tsofaffin littattafai tukuna.

Ɗalibin Jami'a: Da izinin manya, duk wannan ɗaukar kaya ne. Akwai shafin OneLook a intanet. Ka rubuta haruffan da ka samu, ka sa alamar tambaya a inda babu, kamar ?i?e? na Baba, ya jero maka duk kalmomin da suka dace. Jaridar Guardian ta Ingila ma tana sa nata a shafinta, da madannin da zai duba maka ko kalmarka daidai ce ba tare da ya nuna amsar ba.

Baba Mai Fansho: Jikana, ai na gwada irin naku. Wani yaron gidanmu ya sa mini ɗaya daga manhajojin nan da ake hira da su kamar mutum. Na ce ina son kalma mai harafi bakwai, ta ba ni mai takwas, ta kuma tsaya kai da fata bakwai ne. Sai da na ƙirga mata da yatsa. Ban da haka, in waya ce za ta cike mini, me ya rage nawa? Kamar ka biya wani ya yi maka tattakin da likita ya ce ka riƙa yi.

Ɗalibin Jami'a: Baba ai ba duka za ka ba ta ba. Gida ɗaya in ya ƙi.

Malamar Turanci: Ni ina tsakiya. Madannin dubawar nan da ya faɗa ina so, don yana ce maka ka yi kuskure ne kawai, gyaran naka ne. Jero kalmomi kuwa sai in an kwana an wuni abu ya ƙi. Kuma da Baba ya sa ?i?e? da kalmomi za su zubo masa kamar ƙasa, river da tiger da sauransu, ba mai gaya masa dalilin da ya sa NIGER ce. Dalilin nan shi ne zai cece shi mako mai zuwa.

Mai Kemis: Wai ni kam, me ya sa sai da Turanci? Mu ba mu da kalmomi ne?

Ɗan Daura: Tambayar da nake jira ke nan! Mu da muka tashi da kacici-kacici a dandali? "Shanun gidanmu dubu, maɗaurinsu ɗaya", ai cryptic ce tsantsa. Hautsina haruffa ma muna da shi: GARI, RIGA, GIRA, haruffa huɗu ne ke zagayawa. Na taɓa zama na tsara wa 'yan ajinmu na yamma guda ɗaya da Hausa, a nan na san inda gizo ke saƙar. Amsar kacici-kacicin can, tsintsiya, gida nawa za ta ci? In ka ƙirga irin na Bature tara ne. Amma a abacadar Hausa ts harafi ɗaya ne, haka sh, don haka bakwai ne. Sannan in kalmar kwance ta ƙare da ɗ ko ta ratsa ta ƙ, dole ta tsaye ma ta zo da mai lanƙwasa a gidan, ba za ka haɗa k ta kafa da ƙ ta ƙafa ba. Kwana uku na yi da ƙamusun Jami'ar Bayero a cinya, da na Bargery na 1934 a waya, kafin na haɗa gidaje tara-tara.

Baba Mai Fansho: Ka kuma yanke shawarar wace Hausa za a bi. In ka tambayi abin da ake daka wa fura, Bakano ya rubuta gero, ni in rubuta hatsi.

Ɗan Daura: Daidaitacciya za a bi Baba, in ba haka ba ku Katsinawa sai kun cika mana gidaje da hw a maimakon f.

Uwar Biyu: Yaya don Allah turo mana shi nan. Wannan ko surukata za ta iya sa baki.

Mai Kemis: Ni ma da shi zan fara.

Baba Mai Fansho: Kafin a watse, gargaɗi ɗaya daga abin da ya same ni bara. Wata jarida, ba sai na kama suna ba, ta buga gidajen wata rana da tambayoyin wata ranar daban. Na wuni ina zargin ƙwaƙwalwata, har na ce wa Hajiya tsufa ya kama ni. Da yamma na lura lamba 3 a tsaye an ce harafi tara, gidajen kuwa biyar ne. Tun daga ranar, kafin in ɗora fensir sai na gwada tambaya biyu ko uku da yawan gidajensu. Kuma ku ce wa mai kawo jarida ya ajiye muku ta gobe ko da ba za ku karanta labaran ba, don a nan amsoshin suke. Ni yanke su nake ina liƙawa a tsohon littafin rajista, ina rubuta dalilin kowace a gefe.

Shugaban Zaure: Madalla da wannan hira. Ga tsari: duk mai neman taimako ya rubuta tambayar, yawan haruffa, da waɗanda ya riga ya samu. Mai amsawa ya fara da haske, kada ya saki amsa sai an ce a saki. Ɗalibi, da kai nake. Ɗan Daura, muna jiran na Hausa ranar Juma'a bayan an sauko.

Ɗan Daura: In sha Allahu. Zan ɗauki hotonsa in turo, ts da sh gida ɗaya-ɗaya.

Uwar Biyu: To tun kafin Juma'a ga tawa, yanzu na ɗauko ta maigidan. Lamba 6 a tsaye, "English banker", harafi shida, T a farko, S a ƙarshe. Kada kowa ya faɗa, ina jin na kusa.