Wace ƙaramar bindigar iska ta dace da sabon shiga?

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa masu wasan harbi, ku taimaka mini da shawara, kaina ya ɗaure.

Wata uku ke nan ina koyon harbin mita 10 da bindigar aro, yanzu ina son tawa ta kaina. Ƙa'idojin gasa na san su: harsashi milimita 4.5, bindiga kada ta wuce giram 1,500, kunamarta kuma kada ta tashi da nauyin da bai kai giram 500 ba. Har nan lafiya lau.

Inda na cije shi ne irin bindigar. Mai gas ɗin CO2 na ajiye ta gefe, tunda ƙarfinta yana sauyawa da zafi ko sanyi. Mai sifirin (wato naɗaɗɗen ƙarfen da ke tunkuɗa iska) kuwa zabura take yi, ni da hannuna dama rawa yake. Saura biyu: wadda ake ɗana wa iska da hannu kafin kowane harbi, kamar Baikal IZH-46M, da mai tukunyar iska irin Steyr LP10, wadda sai an nemi famfo ko silinda mai kai matsin iska bar 200 don a cika ta.

Ta farkon ba ta neman komai sai harsashi, shi ya ja hankalina. To amma harbi 60 ake yi a gasa. Ɗanawa sau 60 ba za ta kashe mini hannu ba kafin a kai ƙarshe? Wanda ya fara da irinta, ya kuka ƙare?

Sannan tafin hannuna ƙarami ne, mariƙin ta aron ya yi mini girma. A nemi mai mariƙin da ake daidaitawa, ko a sassaƙe na katako?