Rumbun hotunan sitidiyo ya cika: da me zan bi folda-folda?

Nafi'u: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema. A sitidiyon kawuna muna da rumbun ajiya na waje mai tera 2, hotunan biki da na suna da na saukar karatu na shekaru takwas duk suna ciki. Folda cikin folda cikin folda, wata da sunan amarya, wata da kwanan wata, wata kuma DCIM kawai kamar yadda aka kwafo ta daga katin kyamara. Rumbun ya kusa cika, Kawu ya ce in nemo waɗanda suka maimaitu a share. Na rubuta ɗan kod na Python da os.listdir, in ya ci karo da folda sai ya sake kiran kansa ya shiga cikinta. Ya ɗan yi tafiya, sai ya tsaya cak da PermissionError a wata folda wai System Volume Information, wadda ni ban taɓa ganinta a rumbun ba. Ku da me kuke irin wannan aikin?

Hadiza: Wa alaikumus salam. Wannan foldar ta Windows ce, ɓoyayyiya, ba ruwanka da ita. Akwai 'yar'uwarta $RECYCLE.BIN, nan ne abin da aka share yake kwana. Ka bar os.listdir, ka koma os.walk. Tun Python 2.3, a 2003, yake nan, kuma wannan aikin aka yi shi dominsa. A kowace folda yana miƙo maka abu uku: inda kake tsaye, sunayen ƙananan folda da ke nan, da sunayen fayiloli.

Nafi'u: Na gode Anti Hadiza. To shi ba zai tsaya a wannan foldar ba?

Hadiza: Ba zai tsaya ba, amma nan ne ma nake so ka buɗe ido. In os.walk ya kasa buɗe folda, shiru yake yi ya wuce, ko tari ba zai yi ba. Sai ka gama ka ɗauka ka zagaye rumbun kaf, alhali akwai reshe guda da ba a taka ba. Rumbu mai shekara takwas yana iya samun wurin da ya fara lalacewa, kuma irin wannan wurin ne ya fi kamata ka sani. Akwai onerror: ka ba shi ɗan aikin da zai rubuta sunan duk foldar da ta ƙi buɗuwa a wani fayil daban. In ka gama, wannan fayil ɗin za ka fara karantawa kafin komai.

Injiniya Bashir: Hadiza ta faɗi gaskiya. Bari in ƙara abin da ya sa na fi son os.walk a kan sauran. Kana iya sare reshe tun kafin a hau shi. Ga yadda yake:

for tushe, rassa, fayiloli in os.walk(rumbu):
    rassa[:] = tace(rassa)

Wannan tace ɗin kai za ka rubuta shi, ya dawo da jerin ba tare da sunayen da ba ka so ba. Abin lura shi ne waɗannan baka da ɗigo biyun da ke bayan rassa. Da su, jerin da os.walk yake riƙe da shi a hannunsa kake gyarawa, saboda haka ba zai shiga abin da ka cire ba. In ka mance su ka rubuta rassa = kaza, sabon jeri ka ƙirƙira naka kai kaɗai, shi kuma zai ci gaba da nasa, ya shiga kwandon shara ya kwaso maka hotunan da aka riga aka share a matsayin masu maimaici. Na ga ɗalibai da yawa sun kwana a kan wannan. Haka nan in kana so tafiyar yau ta zo daidai da ta gobe, ka sa rassa.sort, domin os.walk bai yi alkawarin bin jerin haruffa ba.

Umar Zinder: Ni fa pathlib nake so, wata hanyar Python ta aiki da folda da fayil. Path sannan rglob, layi ɗaya an gama, kuma ya fi daɗin karantawa.

Injiniya Bashir: Yana da kyau a ƙaramar folda, Malam Umar. Amma rglob ba ya ba ka damar sare reshe, sai ya shiga ko'ina sannan ka tace daga baya. In son pathlib ne, daga Python 3.12 na 2023 an ƙara Path.walk, aikinsa ɗaya da os.walk, sarewar ma tana nan.

Umar Zinder: Ban san da wannan ba, zan duba. Madalla.

Sadiya: Nafi'u, ni abin da ya tsaya min a rai ba hanyar tafiyar ba ne, kalmar "a share" ce. Da me za ka gane cewa hoto ya maimaitu? Don Allah kar ka ce da suna. Kyamara tana ƙirga hotuna da lamba huɗu, in ta kai 9999 sai ta koma farko. IMG_0457 na bikin bara da IMG_0457 na sunan bana suna ɗaya ne, mutanen ciki daban. Balle in kyamara biyu kuke aiki da su.

Nafi'u: Wallahi da suna na yi niyya, Anti. Allah Ya kiyaye.

Sadiya: To tsaya in ba ka yadda nake yi. Zagaye na farko ba ka taɓa komai, ba ka ma buɗe fayil ko ɗaya. Hanyar kowane fayil da girmansa kawai kake rubutawa. Fayil biyu da girmansu ya bambanta ba za su taɓa zama abu ɗaya ba, to da wannan kaɗai ka sallami mafi yawansu. Waɗanda girmansu ya zo daidai har bayit na ƙarshe, su ne za ka karanta cikinsu ka fitar da SHA-256, wata lamba da ke zama kamar zanen yatsan abin da ke cikin fayil, ta hashlib na Python. Ka karanta guntu-guntu, kamar mega ɗaya a kowane ɗiba, kar ka ɗora bidiyon giga uku a kan RAM gaba ɗaya. Karatun nan shi ne mai cin lokaci, ba zagayen ba, musamman a rumbu mai juyawa da ke kan USB.

Sannan ka riƙa rubuta sakamakon a fayil kana tafiya, ko CSV, wato fayil ɗin tebur, ko sqlite3, ɗan rumbun bayanai da ke zuwa tare da Python. In an ɗauke wuta a awa ta uku, ka ɗora daga inda ka tsaya.

Kabiru: Duk wannan a kan me? Ka sa rumbun a na'urar Linux, umarnin find ya gama maka. Yana da -prune na sare reshe, -type f na fayiloli zalla, -xdev don kar ya tsallaka wani rumbun, -size in manya kake nema. Tun zamanin Unix na farko ake wannan aiki da shi.

Hadiza: find ba shi da na biyu, Kabiru, amma ka faɗa masa sauran. A rumbun Bahaushe za a sami folda irin "Bikin 'yar Alhaji". In ka tura wannan haka kawai daga find zuwa xargs, umarnin da ke karɓar sunayen ya yi aiki a kansu, xargs zai ɗauki waƙafin saman nan a matsayin buɗe zance, ya yi ta jiran a rufe, ya faɗi. Tazarar da ke tsakanin kalmomi ma raba sunan take yi gida-gida. Sai da -print0 a find da -0 a xargs. Na biyu kuma, -delete, mai share abin da aka samo, yana tilasta wa find ya fara daga ƙasa, to -prune ɗinka ya daina aiki ke nan. find ɗin Linux ma ƙin tafiya yake in ka haɗa su, sai ka ƙara -depth da kanka, a nan kuma reshen da ka ce kar a taɓa, za a taɓa shi.

Kabiru: Haka ne, na amsa. Ni -exec nake amfani da shi shi ya sa waƙafin bai taɓa cizona ba. Kuma Nafi'u, in za ka nemi JPG a Linux ka yi da -iname, domin kyamara da manyan baƙaƙe take rubuta JPG, Linux kuma yana bambanta babba da ƙarami.

Sadiya: Kar ya tsaya a JPG ma. In da Canon suke ɗauka akwai CR2 ko CR3, in Nikon ce NEF. Waɗannan ɗanyun hotunan su ne suka cinye wurin.

Malam Lawal: Ina ta karatu ban sa baki ba. Bari in ba da labarin abin da ya same ni, ko Nafi'u zai tsira daga irinsa. Shekara biyu da suka wuce na yi wa wata makaranta irin wannan aiki a kan takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Na ce ba zan share ba, zan dai kwashe masu maimaici in zuba a wata folda mai suna kwafi. Niyyar mai kyau ce, sai dai na buɗe foldar a cikin bishiyar da nake zagayawa, kuma ina zagayen ina kwashewa lokaci guda. Da tafiya ta iso kan kwafi, kod ɗin ya tarar da fayilolin da shi da kansa ya zuba ɗazu, ya ƙirga su sabbi, lissafin wane ne asali wane ne kwafi ya rikice. Ba abin da ya ɓace, alhamdu lillahi, amma kwana uku na yi ina mayar da takardu mazauninsu da hannu, ga shugaban makaranta yana jiran sakamakon zango.

Tun daga ranar na raba aikin biyu. Kod na farko ido ne kawai, ya zagaya ya rubuta. In buɗe abin da ya rubuta in karanta da idona, in ɗauki goma ko ashirin in buɗe su in tabbatar. Kod na biyu shi ne hannu, kuma ba ya zagaya komai, jerin nan yake bi layi-layi. Wurin da yake zubawa kuma a wajen bishiyar yake.

Nafi'u: Allah Ya saka da alheri Malam. Wannan ya shige ni. Dama a cikin rumbun na yi niyyar buɗe foldar.

Malam Lawal: Amin. In dole sai a cikin rumbun saboda rashin wuri, to ka sa sunanta cikin waɗanda tace zai cire. Kuma hotunan biki ba a sake ɗaukarsu. Ka gaya wa Kawu a nemi rumbu na biyu a kwafe komai kafin a share ko ɗaya, ko da kuɗin zai yi ciwo.

Injiniya Bashir: Wani abu kan sauri, tunda girman fayil za ka tara. os.walk sunaye kawai yake ba ka, sai ka sake tambayar girman kowanne daban. os.scandir, wanda Ben Hoyt ya kawo ta PEP 471 ya shiga Python 3.5 a 2015, yana miƙo kowane suna tare da bayaninsa, kuma a Windows har girman yana zuwa cikin wannan tambaya ɗaya. os.walk kansa a kan scandir yake tafiya tun lokacin, sai dai ba ya miƙo maka bayanin. Shawarata ka fara da os.walk. In ka ga jinkirin ya dame ka sannan ka sauko scandir, ka riƙe jerin folda masu jiran layi da kanka maimakon aiki mai kiran kansa, domin Python yana da iyakar kira 1000 in ba ka canza ba.

Aminu: Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Mu masu Java fa?

Injiniya Bashir: Files.walkFileTree na Java 7. Yana da SKIP_SUBTREE na sarewa, da visitFileFailed inda kake yanke hukunci in fayil ya ƙi. Files.walk na Java 8 ya fi gajarta, amma folda ɗaya ta hana shi izini sai ya jefo UncheckedIOException tafiyar ta mutu, kuma dole ka rufe shi in ka gama. A Go kuma filepath.WalkDir, daga 1.16.

Aminu: Shi ne abin da ke kashe min nawa ke nan. Na gode Injiniya.

Umar Zinder: Ba wanda ya ambaci simlink. Folda mai nuni zuwa uwarta, ka shiga ka yi ta kewaya kamar jakin rijiya.

Hadiza: os.walk ba ya bin su sai ka kunna followlinks da kanka, to ya bar shi a kashe. Wanda dole sai ya bi, ya riƙa ajiye st_dev da st_ino, wato lambobin shaidar rumbu da na folda, na duk foldar da ya shiga, in ya sake ganinsu ya juya. A rumbun hotuna da wuya ya gamu da wannan.

Nafi'u: Na dawo. Na sa os.walk da tace da onerror, zagayen farko ya wuce System Volume Information lafiya. Amma ya faɗi a wurin rubuta CSV, UnicodeEncodeError, a kan foldar "Ɗaurin auren Bilkisu".

Sadiya: Ɗ ɗin ce. Windows ya buɗe maka fayil ɗin da tsohon tsarin cp1252, wanda babu ƙ, ɗ, ɓ a cikinsa. Wurin open ka sa encoding ya zama utf-8. In da Excel za ka buɗe, ka sa utf-8-sig, in ba haka ba haruffan za su fito a hargitse.

Nafi'u: Ya wuce! Ya gama zagayen. Fayil ɗin kurakurai yana da layi biyu, duka folda ne masu zurfi sosai, kwafin kwafin kwafi, kuma da na bi su da hannu suna nan.

Hadiza: Ƙirga haruffan hanyar. In ta haura 260, iyakar MAX_PATH ce ta Windows. Ko ka kunna LongPathsEnabled, wanda ya zo tun Windows 10 sigar 1607, ko ka fara hanyar rumbun da \\?\ sannan harafin rumbun, ka sake zagayawa. Kar ka fara lissafin SHA sai fayil ɗin kurakuran nan ya fito babu komai a ciki.

Nafi'u: To Anti. Na nuna wa Kawu saƙon Malam Lawal, ya ce ranar Asabar za a sayo rumbu na biyu. Kafin nan zan gyara na 260 ɗin in sake zagayawa, in turo muku abin da ya fito.