Muhawara: shin ragowar magani a ruwa tana cutar da tsirran Gongola?

Malam Usman: Assalamu alaikum. Ana ta cewa ragowar maganin asibiti ce ke lalata bado da kainuwa a ruwanmu. Ban yarda ba. Don jikin mutum aka yi magani, kuma abin da ke isa kogi galibi bai kai maikrogiram 1 (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a lita ba. Ruwan dam ɗin Dadin Kowa da ke kan kogin Gongola ya isa ya shanye wannan. Mai sauya tsirran ruwa taki ne, NPK da yuriya da damina ke wankowa daga gonaki.

Dakta Hadiza: Wa alaikumus salam. Malam, batun taki haka yake, amma na farkon akwai gyara. Ƙwayoyin koren da ke haɗa wa ganye abinci ƙirarsu irin ta bakteriya ce, shi ya sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ke kama su. Sifro, wato maganin sifrofuloksasin, yana hana su hayayyafa, sai sabon ganye ya fito fari fat alhali tsohon yana nan kore. Salfa, sinadarin da ke cikin maganin Septrin, kuwa tana toshe hanyar haɗa folet, wani bitamin da ake buƙata don girma. Mutum a abinci yake samun folet, tsiro da kansa yake haɗawa.

Malam Usman: A wane adadi, Dakta?

Dakta Hadiza: Ana gwadawa da Lemna, ɗan mitsitsin ganyen nan mai yawo a kan kududdufi. A zuba ganye 12 a kowane kofi, a bambanta yawan maganin, a bar wasu kofunan babu komai, a ƙirga bayan kwana 7. Da salfa ko sifro, yaɗuwarsa kan ragu da rabi daga gomman maikrogiram zuwa 'yan ɗaruruwa a lita. Gansakuka mai shuɗi-shuɗi ta fi shi saurin jigata.

Malam Usman: To ai kin ƙarfafa maganata. Tsakanin 1 da 100 akwai tafiya.

Injiniya Bala: A tsakiyar dam kana da gaskiya, ranka ya daɗe. Amma ba can ake dubawa ba. A dubi bakin kwata, da kwarin da ke kwashe ruwan unguwannin Gombe, da kududdufin da ke bayan gidan kaji, musamman Maris da Afrilu lokacin da ruwa ya ja baya. Kusan rabin sifron da mutum ya sha yana fita a fitsari bai sauya ba. Oksitetrasaikilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta dangin tetrasaikilin da ake zuba wa kaji a ruwan sha, yana bin kashinsu zuwa fadama. Inda ake haɗa magani kuwa abin ya wuce misali: a Patanceru ta Indiya an auna sifro har miligiram 31, wato maikrogiram 31,000, a lita a 2007.

Kuma wanda ya ɗebi ruwan sama-sama kaɗai zai yi kuskure. Sifro da tetrasaikilin suna manne wa laka, inda saiwar bado take, salfa ce ke bin ruwa. A ɗebi ruwan da lakar duka biyun, a kwalba mai duhu, a sa a ƙanƙara, don hasken rana yana rusa sifro kafin a kai ɗakin gwaji.

Hajiya Asabe: Injiniya, ba kainuwa da kacalla ne ke tace ruwan ba?

Injiniya Bala: Suna ragewa, Hajiya, amma yawancin aikin na ƙwayoyin halittar da ke jikin saiwa ne, kuma sai ruwan ya kwana da yawa a wurin. Wani maganin yana hawa cikin ganye. Don haka kainuwa ko kacallar da aka kwaso daga bakin kwata kada a ba dabba.

Malam Usman: Na karɓi batun kududdufi da laka. Amma a Dadin Kowa ina nan kan taki har sai an auna, rani da damina, sama da ƙasan inda ruwan gari ke shiga.