Wace firinta zan saya don wankin hoto da bugawa a kan faifan DVD?

MaiHoto_Pantami:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka san harkar firinta. Ina da ɗan shagon hoto a nan Gombe, aikina ɗaukar biki da suna da walimar sauka, sai fasfo na ɗalibai lokacin rajista. Har yanzu waje nake kai wankin hoto, in aiki ya zo da yamma sai gobe, shi kuma mai son fasfo ba ya jira, juyawa kawai yake ya tafi wani shagon. Na biyu bidiyon biki, har gobe akwai iyayen da suke cewa a sa musu a faifai, ni kuma da maka nake rubuta sunan ango da amarya a kai, ko in manna sitika, ita kuma da zafi ya bugeta sai ta fara ɗagowa ta gefe faifan ya riƙa maƙalewa a cikin DVD, wlh abin yana damuna don aikina ne yake zubewa a idon mutane. Inaso in sayi firinta guda ɗaya da za ta min duka biyun. Wani yace Epson L3250 ta isheni tunda tana da sikana kuma ta fi araha, wani yace a'a sai L805. Kuɗina ba yawa, bana son in saya in dawo ina cizon yatsa.

Injiniya_Jekadafari:

Wa alaikumus salam. Malam ka cire L3250 daga lissafi tun yanzu. Firinta ce mai kyau amma ta aikin takarda ce, kala huɗu gareta kuma ba ta da tiren faifai kwata-kwata, ba inda za ka zura shi. L805 tana da tiren faifai, kuma kala shida ce, bayan baƙi da rawaya da shuɗi da jan nan da suke kira majenta, akwai ƙarin shuɗi mai haske da majenta mai haske. Waɗannan biyun su ne duk maganar. Ka ɗauki hoton amarya da aka yi mata kwalliya, ka kawo shi kusa da ido ka dubi goshi da kumatu inda hasken fitila ya sauka, a mai kala huɗu za ka ga ɗigo-ɗigo kamar an watsa garin barkono, a mai shida kuwa kalar fata tana tafiya sumul daga haske zuwa inuwa. Haka farin leshi da sararin sama. Mai kallon fasfo ba lallai ya lura ba, amma uwar amarya da za ta sa 5x7 a firem za ta lura.

Ka san danginsu don kar a ruɗeka a kasuwa. L800 ita ce tsohuwar, ba waifai. L805 tana da waifai. L850 irinsu ce amma da sikana da ɗan allo a gaba. L8050 ita ce ta gaji L805, kuma kwalbar tawadarta daban ce, ita L805 lamba 673 take sha. L1800 babba ce tana buga A3, kala shida ita ma, amma ba ta da tiren faifai, kar girmanta ya ɗebeka. A ɓangaren Canon akwai iP7240 mai buga faifai sai dai katirij take amfani da shi, kuɗin tawada zai cinye maka riba.

Shi faifan kuma ba kowanne ba, ka nemi mai farin baya wanda aka rubuta inkjet printable a jikin robarsa. In ka sa mai sheƙi na yau da kullum tawada ba za ta kama ba, hannu na taɓawa ta goge. Ka fara ƙona bidiyon tukuna sannan ka buga hoton, kuma a cikin manhajar Epson ka saita faɗin da'irar ciki da ta waje daidai da farin faifan, in ba haka ba tawada za ta zuba a kan tire ta ɓata na gaba. In ya fito ka ajiye shi ya kwana kafin ka sa a kwali.

Anti_MaiStudio_Bauchi:

Ƙanina ni dai ta wani gefen zan zo maka. Duk abinda Injiniya ya faɗa haka yake, amma gsky kar ka ɗora lissafinka a kan faifai. Mu nan Bauchi yawancin masu biki filas suke karɓa ko su ce a tura musu ta waya, ko laftof ɗin yanzu ma da yawa ba su da wajen sa faifai, sai dattawa da masu wa'azi da makarantun Islamiyya suka rage. Abinda zai dawo maka da kuɗinka shi ne wannan hanyar tiren tana ɗaukar katin roba, ana sayar da tire mai gurbin kati biyu na L805, kaga sai ka shiga makarantun kuɗi da ƙungiyoyi ka karɓi aikin aidi kad, ka haɗa da fasfo. Shi ma katin sai irin na inkjet.

Sai kuma ka ji tsoron Allah a kan takarda. Tawadar wannan injin mai narkewa ce a ruwa, kalarta tana fita rangaɗaɗau amma ba ta son rana da danshi. Hoton da aka buga a takarda mai arha aka rataye a falo saitin taga, kafin a ankara ya koɗe ya koma ja-ja, kuma sunanka za a kira ba sunan mai takarda ba. Ka sayi takardar hoto mai rufin roba da ake kira RC, mai kauri, ka saita irin takardar a kwamfuta kafin ka buga, wanda za a rataye a sa masa gilashi ko a yi laminetin. Babban albam na biki kuwa ni har yanzu waje nake kaiwa, A4 ce iyakar L805.

MaiGyara_Tumfure:

Ni gyara nake, bari in faɗa maka abinda ake kawo min. Kusan duk matsalar hed ce, wato kan da ke fesa tawada, kuma abu uku ke jawo ta: ajiye injin ba aiki, ƙurar hunturu, da tawadar da ba a san asalinta ba. Ramukan da tawada ke fita ta ciki ido ba ya ganinsu, in ta bushe a ciki sai hoto ya riƙa fitowa da layi-layi, kai ta kilinin, wato sa injin ya wanke hed, kana zubar da tawada a soson da ke ƙasa, in ya cika injin ya tsaya yana kunna jan wuta sai an sake saita shi. Saboda haka ko ba kwastoma ka buga ƙaramin hoto mai kala duk bayan kwana biyu uku, ka rufe ta da zani in ka tashi, kuma ka kashe ta da maɓallinta don hed ya koma mazauninsa ya rufu. In an ɗauke wuta tana tsakiyar aiki a buɗe yake kwana, don haka ka haɗa da UPS ko ƙarami ne, ba ta cin wuta sosai.

MaiHoto_Pantami:

Allah ya saka da alheri, Anti maganar kati ta shigeni sosai don akwai makarantu biyu a layinmu. Malam mai gyara, an min tayin L805 ta hannu a rabin kuɗin sabuwa, in karɓa ko in ƙara haƙuri in tara na L8050?

MaiGyara_Tumfure:

In za ka iya haƙuri ka tara, sabuwa da garanti ta fi. In kuma ta hannun ce dole, kar ka biya sai an kunna a gabanka. A buga nozul cek, wato takardar gwajin ramukan tawada, ka ƙirga kala shida, kowane layi ya fito ba yankewa, in an yi kilinin sau biyu bai gyaru ba ka barta, kuɗin hed ɗin kaɗai ya kusa abinda za ka biya. Ka tambayi wace tawada aka sa mata, da yawa masu buga riga da kofi ne suka yi aiki da su da wata tawada daban, irin wannan ba ta yi maka ba. Ka leƙa tiyo ɗin ko akwai iska a ciki, ka shafa ƙasanta ko tana yoyo. Kuma ka je da farin faifai ɗaya a aljihu a buga a kai ka gani, don sau da yawa tiren ya ɓata a wajen mai ita na farko, sai ka zo gida ka fara neman wanda zai aiko maka da shi daga Kano ko Legas.