Wai Sarkin Sifen jinin Sarkin Jamus ne, wanda sojojinsa suka ci Garwa?

Tela_Garwa:

Assalamu alaikum jama'a. Wata gardama ce ta ƙi mutuwa a shagonmu tun daren da Sifen ta ci Ingila biyu da ɗaya a wasan ƙarshe na kofin Turai, a Berlin, cikin Yulin 2024. Muna kallo wurin mai shayi, aka nuno Sarki Felipe, dogon nan mai gemu, sai wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon direban babbar mota, ya ce: "Ai gida ya zo, kakar uwarsa 'yar Sarkin Jamus ce, wanda sojojinsa suka ci garin nan." Na ce Baba, ina Sifen ina Jamus? Har bakina ya suɓuce na ce in gaskiya ne zan ɗinka masa riga kyauta. Tun ranar kullum sai ya leƙo ya tambayi rigarsa. Don Allah masu tarihi, wace ce matar nan?

Malamin_Tarihi_Marwa:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, je ka nemo yadi, dattijo ya fi ka gaskiya.

Sunanta Biktoriya Luwiza, an haife ta ranar 13 ga Satumba 1892 a Potsdam, gefen Berlin. Ubanta Wilhelm na Biyu, wanda suke kira Kaiza, 'ya'ya bakwai gare shi: maza shida a jere, sai ita auta, mace tilo. Kun dai san auta. Mutumin da ke ɗaure wa 'ya'yansa maza fuska kamar sojojin bariki, ita kam sai abin da ta ce. Lokacin da nake koyarwa nakan sa yara su yi lissafin nan: shekarar da Jamusawa suka ci Garwa, 1901, tana da shekara tara. A Janairun 1902 kuma hafsan Jamus Hans Dominik ya watsa rundunar Lamiɗo Zubairu a nan Marwa da bindiga mai ruwa. Duk da sunan ubanta aka yi.

Masu lakwal sun san ta da duchesse ta Brunswik, wato matar mai sarautar Brunswik. Jamus ta lokacin tarin masarautu ce, Kaiza na bisa kansu, kusan yadda lamiɗanmu suke bin Yola a da, Yola kuma tana bin Sakkwato. Brunswik ɗaya ce daga cikinsu, kuma aure ne ya kai ta can.

Auren nan shi ne wurin daɗin labarin. A 1866 gidan su Wilhelm, wato masu mulkin Furusiya, suka haɗiye masarautar Hanoba, suka kori sarkinta, wani makaho, George na Biyar. Daga nan gidajen biyu ko ga maciji. Da sarautar Brunswik ta faɗi a 1884, ɗan makahon ne magaji, amma aka hana shi hawa don ya ƙi sakin zancen Hanoba, aka yi ta naɗa masu riƙo. Sai a Mayun 1912 babban ɗan magajin nan ya yi hatsarin mota ya mutu a ƙasar Furusiya, yana kan hanyar zuwa jana'izar kawunsa Sarkin Denmak. Kaiza ya yi abin da ya kamata: ya aika ta'aziyya, ya tura 'ya'yansa biyu su tsaya wa gawar. Ƙanen mamacin, Ernst August, ya zo Berlin yin godiya, a nan ya ga autar. Gaisuwar mutuwa ta haifi aure, abin da mu ma ba baƙo ba ne a wurinmu.

Aka ɗaura ranar 24 ga Mayu 1913 a Berlin, baƙi wajen 1,200. Sarkin Ingila George na Biyar ya zo da matarsa, Sarkin Rasha Nikolas na Biyu ya zo. Uban amarya da Sarkin Ingila jikokin Sarauniya Biktoriya ne su biyun, ɗan mace da ɗan namiji. A Nuwamban shekarar aka ba ango Brunswik ɗin da aka hana ubansa. Kowa ya ce an kashe wuta.

To, wutar gidaje biyu aka kashe. Wata goma sha huɗu da ƴan kwanaki bayan cin tuwon biki, manyan baƙin nan suna yaƙi da uban amarya. Garwa ta faɗa hannun Ingilishi da Faransawa a Yunin 1915, su Ernst von Raben, hafsan Jamus, suka maƙale a dutsen Mora har Fabrairun 1916. An kashe Nikolas da iyalinsa a 1918. Ranar 8 ga Nuwamba 1918 mijinta ya sauka, washegari aka sanar da saukar ubanta, ya tsere Holan. Shekara biyar cif ta yi a gadon Brunswik, amma da sunan aka ci gaba da kiranta har ta mutu.

Sai abin da ya shafi rigarka. Ta haifi biyar, maza huɗu da mace ɗaya, Friederike, a 1917. Ita ce ta auri Paul na Girka a 1938, ta zama sarauniya a 1947. Ita ta haifi Sofiya da Konstantin na Biyu, sarkin Girka na ƙarshe. Sofiya ta auri Juan Carlos a 1962, suka haifi Felipe. Ƙirga da yatsa: Felipe, Sofiya, Friederike, Biktoriya Luwiza, Wilhelm. Kakar uwarsa ke nan daidai, kamar yadda dattijo ya faɗa.

Maman_Fadi_Ngaundare:

Malam, Allah ya ƙara sani. Ni abin da ya burge ni, maza shida Kaiza ya haifa, babu wanda ya hau gado, yau jininsa da ke kan karaga ta wajen mace ya bi, mace kuma ta sake bin mace. Mu a nan ana cewa ɗan mace ba ya sarauta.

Amma kun tsallake ƙarshenta, wanda mu mata ya fi taɓa mu. Da Rasha ta karɓi yankin da suke zaune a 1945, suka kwashe kaya suka koma gidan sarautar Marienburg kusa da Hanoba. Mijin ya rasu a 1953, dukiya ta koma hannun babban ɗa, sai rigima ta tashi tsakanin uwa da 'ya'ya kan abin da za a riƙa ba ta. A 1956 ta bar gidan ta koma Brunswik, mutanen gari masu ƙaunarta suka tallafa mata, ta shiga rubuta littattafan tarihin rayuwarta. Ta rasu a Disamban 1980 tana da shekara 88. 'Yar Kaiza guda, ɗan cikinta ya sa ta fita daga gida da tsufa. Na ga irinta a unguwarmu, ana gama takaba aka fara zancen ɗaki.

Malamin_Tarihi_Marwa:

Hajiya, ƙarshen nan haka yake. Sai dai gyara ɗaya: Felipe ba ta wajen uwa ya samu sarauta ba, gadon ubansa Juan Carlos ya hau a 2014, gidan Burbon. Jinin Kaiza rakiya kawai ya yi.

Ɗan_Kuseri:

Ku gafarce ni, manya, amma kuna ba da labarin nan kamar na wata gwaggonmu. Shekara biyu kafin bikin, a 1911, Jamus da Faransa suka zauna suka yi musayar ƙasa kamar masu musayar awaki. Yankin da ke tsakanin kogin Lagon da na Shari, wanda suke kira bakin agwagwa, aka miƙa wa Faransa, shi ya sa yau yake cikin Cadi. Wa aka tambaya? Kakana ya ce ubansa ya yi wa Jamus dako, bulalar dorina ce abin da ya fi tunawa. Karagar Sarki Njoya ta Fumban da aka kai wa Wilhelm a 1908 har yau tana gidan tarihi a Berlin. Kuma Malam bai faɗa ba, wan matar nan, August Wilhelm, ya shiga jam'iyyar Hitila tun 1930, yana yawo yana yi masa yaƙin neman zaɓe.

Malamin_Tarihi_Marwa:

Ɗana, ba ka yi ƙarya ba ko ɗaya, kuma gara da ka faɗa. Ita kanta 'yarta Friederike ta shiga ƙungiyar 'yan matan Nazi tana budurwa, abin da Girkawa suka daɗe suna goranta mata. Ni tambayar asali aka yi mini, asalin na amsa. Da tela ya tambayi abin da aka yi wa Marwa a 1902, da sai mun kwana a nan.

Tela_Garwa:

Na gode Malam, na gode kowa. Na karanta wa dattijo, ya sa na maimaita masa wurin ƙirgen yatsa sau biyu a gaban yaran shago. Yanzu kuma ya ce shi ba jamfa muka yi da shi ba, babbar riga ce, da aiki a wuya. Wa ya san inda shadda ke da sauƙi a babbar kasuwar Garwa?