Me ya sa aka fitar da Chesapecten jeffersonius daga jinsin Pecten?

Ɗalibar Duwatsu:
Assalamu alaikum, malamai. Ina nazarin burbushin halittun teku na gabashin Amurka, sai na ci karo da wani makankarin teku mai siffar mafici wanda ya ƙare a duniya, wato wanda jihar Bajiniya ta ayyana a matsayin burbushinta na hukuma a shekarar 1993. Tsofaffin rubuce-rubuce suna kiransa Pecten jeffersonius, na baya-bayan nan kuma Chesapecten jeffersonius. Shin halitta ɗaya ce? Kuma da wace alama a jikin ɓawon ake bambanta shi da 'yan'uwansa?

Malam Mai Nazari:
Wa alaikumus salam, Malama. Halitta ɗaya ce, suna ne kawai ya sauya. Masanin halittu Thomas Say ne ya raɗa masa sunan farko a 1824 domin girmama Thomas Jefferson, tsohon shugaban Amurka, a zamanin da kusan duk ɓawo mai irin wannan siffa ake zuba shi cikin jinsin Pecten ba tare da tantancewa ba. Sai a 1975 masana burbushi Ward da Blackwelder suka keɓe wa wannan zuriya jinsinta, suka sa masa Chesapecten, daga sunan mashigin tekun Chesapeake. Danginsa kuwa na nan yadda yake, wato Pectinidae, cikin ajin Bivalvia na masu ɓawo biyu. Abin da ya ƙara masa daraja shi ne cewa tun a 1687 masanin halittu Martin Lister ya buga zanensa a Ingila, shi ya sa ake ɗaukarsa burbushin Arewacin Amurka na farko da ya shiga littafin kimiyya.

Mai Tsintar Ɓawo:
Game da tambaya ta biyu, Malama, ki fara da ƙirga kunyoyin da suka taso daga ƙugun ɓawon suka bazu zuwa bakinsa. Na jeffersonius yawanci tara ne zuwa goma sha biyu, masu faɗi da kauri, kuma akwai siraran layuka a kansu da kuma cikin kwarin da ke tsakaninsu. Chesapecten madisonius ya fi shi yawan kunyoyi, Chesapecten septenarius kuma bai kai shi ba. A gefe biyu na mahaɗar ɓawon biyu akwai ɓangarori masu kama da kunnuwa, kuma ƙarƙashin kunnen gaba na ɓawon dama akwai wata tsaga da zaren maƙalewa ke fita ta cikinta tun halittar tana ƙarama. Idan kika juya cikinsa za ki ga tabo guda ɗaya babba, inda tsokar da ke rufe ɓawon take manne.

Malam Mai Nazari:
Bayanin ɗan'uwa daidai ne, amma ni ba na yarda a dogara da ƙirga kaɗai, domin adadin kunyoyi yakan bambanta ko a cikin nau'i guda, kuma ɓawon da ruwa ya goge ko ya guntule yana iya ruɗar da mai ƙirga. Dole a haɗa da shimfiɗar ƙasar da aka haƙo shi. Jeffersonius na ƙasan shimfiɗar Yorktown ne, ta farkon zamanin Fuliyosin, kimanin shekaru miliyan huɗu zuwa biyar da suka wuce, kuma ana samunsa a gaɓar kogunan James da York na jihar Bajiniya. Wanda ya fito daga shimfiɗun zamanin Mayosin da suka girme ta, ko da ya yi kama da shi, sai a fara duba ko Chesapecten middlesexensis ne ko Chesapecten nefrens.

Ɗalibar Duwatsu:
Na gode ƙwarai, malamai. Wanda ke cikin hoton da nake dubawa kunyoyinsa goma ne, amma ba a rubuta inda aka samo shi ba, saboda haka zan tsaya ga sunan jinsin tukuna.