Tsohuwar mazaɓar York South ta lardin Ontariyo: me ya sa alƙaluman zaɓenta ba sa haɗuwa?

Bello_Alƙaluma

Assalamu alaikum. Ina neman a warware mini wani ƙulli game da mazaɓar York South ta majalisar lardin Ontariyo a Kanada, wadda aka ƙirƙira a 1926 aka rushe a 1999. Ana cewa gidan jam'iyyar CCF mai ra'ayin gurguzu ce da magajiyarta NDP, amma jerin waɗanda suka ci ya nuna 'yan Conservative a 1945 da 1951, sannan ɗan Liberal a ƙarshe. Wani jerin ma yana sa David Lewis, tsohon shugaban NDP na ƙasa, wani ba ya sa shi. Wanne ne daidai? Kuma mai son jera kason ƙuri'un kowace jam'iyya daga farko zuwa ƙarshe a teburi ɗaya, ta ina zai fara?

Malam Isiyaku

Wa alaikumus salam, Malam Bello. Fara da cire David Lewis. Mazaɓu biyu ne masu suna ɗaya, ta tarayya mai aika wakili Ottawa da ta lardi mai aika wakili majalisar da ke Toronto, kuma iyakokinsu ba ɗaya ba ne. Lewis ta tarayya ya riƙe. Haka ma shahararren zaɓen cike gurbin 1942, wanda Joseph Noseworthy na CCF ya kayar da tsohon firaminista Arthur Meighen, na tarayya ne. Duk jerin da ya cusa waɗannan cikin na lardi ya gauraya tsaki da tsakuwa.

Na lardin mutum bakwai ne suka zauna a kujerar. Leopold Macaulay na Conservative daga 1926 zuwa 1943. A 1943 Ted Jolliffe, shugaban CCF na lardin, ya ƙwace ta, shekarar da jam'iyyarsa ta samu kujeru 34 cikin 90, jam'iyyar Conservative ta George Drew kuma 38. A 1945 Jolliffe ya fito a rediyo ana tsakiyar kamfe ya zargi Drew, wanda shi ne firimiya (shugaban gwamnatin lardi) a lokacin, da ajiye 'yan sandan asiri masu bibiyar 'yan adawa. Zargin bai yi masa rana ba, CCF ta faɗo zuwa kujeru 8, shi kansa Jolliffe, Howard Sale na Conservative ya kayar da shi. Ya dawo a 1948, ya sake faɗuwa a 1951 a hannun William Beech na Conservative lokacin da guguwar firimiya Leslie Frost ta bar CCF da kujeru biyu kacal.

Riƙon da ake magana a kai daga 1955 ya fara. Donald C. MacDonald ya zama shugaban CCF a 1953 ba tare da kujera ba, ya ci York South a 1955, bai sake ta ba sai 1982, ko da yake tun 1970 ya miƙa shugabancin jam'iyya ga Stephen Lewis. Ya sauka ne don Bob Rae, sabon shugaban NDP, ya samu hanyar shiga majalisa, Rae kuma ya ci zaɓen cike gurbi a Nuwamba 1982. Shekara 41 ke nan a jere, 1955 zuwa 1996, sai Gerard Kennedy na Liberal ya karɓe. Daga 1943 zuwa 1955 kuwa kujerar tana bin iskar lardi ne, duk inda ta kaɗa.

Hajiya Rabi

Malam Isiyaku ya gama da sunaye. Batun teburin nan kuwa, Malam Bello, a nan ake zamewa, domin sunan mazaɓar ne ya zauna wuri ɗaya, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi ta motsi. Majalisar tana da kujeru 90 a 1943, ta koma 98 a 1955, 108 a 1963, 117 a 1967, 125 a 1975, 130 a 1987. Kowane ƙari yana zuwa da sabon shata iyaka, kuma gefen Toronto ne ya fi cika da jama'a bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya sa aka fi yanka shi. Saboda haka kada ka ja layi ɗaya daga 1926 zuwa 1995. Raba teburin gida-gida, kowane gida zaɓukan da aka yi a kan taswira ɗaya, ka sa layi mai kauri a duk inda taswira ta canza.

In kana son tsallaka wannan layin, sai ka sauka zuwa sakamakon rumfa-rumfa. Ka samo taswirar rumfunan zaɓen ƙarshe kafin sauyin, ka ɗora sabuwar iyaka a kanta. Rumfar da ta faɗa ciki gaba ɗaya ka ɗauki ƙuri'unta duka. Wadda iyaka ta ratsa ka raba ta gwargwadon yawan masu rajista a kowane ɓangare, kada ka raba da faɗin ƙasa, don rabin rumfa na iya zama filin masana'anta ko layin dogo da babu mai kwana a ciki. A ce rumfa tana da masu rajista 400, 300 sun faɗa sabuwar mazaɓa, to kashi uku cikin huɗu na ƙuri'un kowane ɗan takara za ka ɗauka.

Abu uku ke ɓata aikin. Na farko ƙuri'un da aka kaɗa kafin ranar zaɓe, waɗanda ake ƙirgawa a dunƙule ba tare da an san unguwar mai su ba, dole sai dai ka raba su da kiyasi ka kuma rubuta cewa kiyasi ne. Na biyu lambobin rumfuna, ana sake su daga zaɓe zuwa zaɓe, rumfa ta 40 a wannan karon ba lalle ita ce ta 40 a na gaba ba. Na uku kason fitowa: an sauke shekarun zaɓe daga 21 zuwa 18 a 1971, don haka rajistar kafin nan da ta bayan nan ba jama'a iri ɗaya suke ƙirgawa ba. Kuma ka yi lissafin kaso da ƙuri'un da aka amince da su kawai, ban da lalatattu.

Sani Mai Taswira

Hajiya, na yarda da hanyar, amma akwai abin da ko ita ba ta kamawa. Uku daga cikin mutum bakwai ɗin nan shugabannin jam'iyya ne. Ƙuri'ar da aka ba shugaba ta haɗa da ta jam'iyya da ta mutumin, kuma a Ontariyo ba a fara buga sunan jam'iyya kusa da na ɗan takara a takardar ƙuri'a ba sai 2007. Duk rayuwar York South, sunan mutum mai zaɓe yake gani a gabansa, ba na jam'iyya ba. Shi ya sa ni ba na kiranta amintacciyar kujera da gaba gaɗi.

Dubi 1987. Shekara biyu bayan Rae ya ƙulla yarjejeniya da David Peterson, shugaban Liberal, aka kawo ƙarshen mulkin Conservative na shekara 42, Liberal ta share lardin, ta kuma tsayar da Alan Tonks, magajin garin York. Da ƙuri'a 333 Rae ya tsira. Shekara uku bayan haka, bayan zaɓen Satumba 1990, Rae ɗin nan ne ya zama firimiya da kujeru 74 cikin 130. A 1995 NDP ta faɗo zuwa 17 amma ya riƙe tasa. Yana sauka a 1996, ɗan takarar NDP David Miller, wanda daga baya ya zama magajin garin Toronto, ya sha kaye a hannun Kennedy. Wato da aka cire shugaba ko tsohon shugaba daga takardar, riƙon shekara 41 ya tsinke a karon farko. Sai dai a yi adalci, zaɓen cike gurbi ne, fitowa kan yi ƙasa a irinsa, jam'iyyar kuma ba ta daɗe da barin mulki cikin fushin jama'a ba. A ware 1982 da 1996 a shafi daban, kada a auna su da manyan zaɓuka.

Bello_Alƙaluma

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. Saura ɗaya: zan iya ci gaba da teburin da sakamakon York South–Weston daga 1999?

Hajiya Rabi

Za ka iya, amma a sabon teburi. Dokar da gwamnatin Mike Harris ta yi a 1996 ta rage kujeru daga 130 zuwa 103, ta ɗora mazaɓun lardi a kan iyakokin na tarayya. York South–Weston ta fi tsohuwar girma, ta haɗiye unguwanni daga maƙwabtan mazaɓu. Ko ɗan majalisar bai bi sunan ba: Kennedy ya koma Parkdale–High Park a 1999, Joe Cordiano na Liberal, wanda ke riƙe da mazaɓar Lawrence, shi ya ci sabuwar. In kana son gada tsakanin teburan biyu, ɗauki rumfunan babban zaɓen 1995, ban da na cike gurbin 1996, ka haɗa da na maƙwabtan da suka ba da yanki, ka ɗora su a taswirar 1999 yadda na bayyana a sama.